Wajen Awaki Ya Zama Majalisa

A gidanmu na Dutsin-Ma akwai wani fili tsakanin jerin ɗakuna da katangar baya, wanda tun da muka tare muke ce mashi wajen awaki. Ba wani babban wuri ba ne. Itacen bedi guda a tsakiya, wanda muka tarar a filin tun kafin a sa harsashi, sai turaku, da tarin itacen girki, da fasassun robobi, da tsofaffin buhunan da kullum nake cewa wata rana za su yi amfani. Ba mai zuwa wurin sai ni, in zan ba dabbobi dusa ko in yi shanya.

Maigidana, wanda kowa ke kira Malam, hedimastan firamare ne har ya yi ritaya. Mutum ne mai magana. In ya fara ba da labari har abinci sai ya huce a gabanshi. Kullum bayan la'asar yana majalisa a ƙofar shagon amininshi, wani Alhaji tela, su da abokansu na tun ƙuruciya. Musu suke yi a kan komai, daga tsadar taki har wanda ya fi wani iya huɗa lokacin suna samari. Da magariba zai shigo yana ci gaba da musun shi kaɗai, ni ce alƙali.

Wata safiya ya dawo daga masallaci, na miƙa mashi kofin koko, kofin ya suɓuce daga hannunshi. Na ɗaga kai zan yi mashi tsiya, sai na ga bakinshi ya karkace. Hawan jini ne. Muka kwana biyu a asibiti a Katsina, muka dawo gida da shanyewar ɓarin dama. Hannu ba ya ɗaguwa, ƙafa sai ja, harshe kuma ya yi nauyi, kalma guda sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito.

Likitan da ke gasa mashi jiki ya ja mani kunne kafin a sallame mu. Ya ce kada in bar shi ya saba da kwanciya, ya riƙa takawa kullum ko kaɗan ne, kuma a riƙa jan shi da hira. Na amsa da to, ban san inda za a yi takawar ba. Tsakar gidanmu siminti ne mai sulɓi, kullum da ruwan wanke-wanke, ga jikoki na guje-guje. Zaure kuma ƙofarshi na kallon titi, inda 'yan jami'a ke wucewa a kan babura, da tsofaffin ɗalibanshi da yanzu suka zama magidanta. Ranar da na ce a kama shi a kai shi zaure ya sha iska, sai ya riƙe ƙarfen gado da hannun hagu ya ce, da ƙyar, "Kada su gan ni."

Abokanshi sun yi ƙoƙari. Sukan yi sallama, mu mata mu shige ɗaki, a shigo da su har bakin gadonshi. Amma namiji a cikin gidan wani ba ya sakewa. Su tsuguna, su ce sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, su yi addu'a su tashi. Shi kuma ya kau da kai wajen bango. Sannu a hankali zuwan ya ja baya, ba don sun manta da shi ba, sai don su ma abin na yi masu nauyi. Mutumin da ba a iya tsayar da bakinshi ya koma wuni guda bai ce uffan ba.

Wata rana bayan la'asar ina wajen awaki ina kwashe shanya, sai na ji muryoyi a lungun da ke bayan katanga. Na tsaya da zane a hannu. Muryar Alhaji ce, da sauran 'yan majalisa, sun fito daga masallacin unguwa suna yanke ta lungu zuwa shago. Ashe kullum ta nan suke bi. Shekara da shekaru ina jin wucewar mutane ban taɓa sa kunne ba. Na dubi katangar, na juya na dubi tagar ɗakin Malam da ke buɗewa ta wannan filin. Tsakaninshi da abokanshi babu komai sai bulo.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Na ɗauki kujera 'yar tsuguno na riƙa zama a wurin safe da rana da yamma, ina kallon inda inuwar bedi ke faɗawa da inda rana ke dukan ƙasa. Ni 'yar Kurfi ce, a gindin rumfar Inna na tashi, kuma na san wurin zama ba a yin shi da ka, sai an ga yadda rana ke yawo a gidan. Na lura da hantsi inuwar ɗakuna ke rufe rabin filin, da azahar bedi ne kawai mai ceto, da la'asar kuma rana kan leƙo ta saman katangar yamma ta soki idon duk wanda ya zauna. Na ɗebo toka a murhu na riƙa zana layi a ƙasa, in goge da ƙafa, in sake. Awaki na bina suna shinshinawa.

Da na gamsu da zanen sai na shiga wurin Malam.

"Malam, ina so in gyara wajen awaki, ka samu wurin takawa da shan iska."

Ya dube ni, na ci gaba.

"In kuma ka yarda, a buɗe ƙofa ta lungu, su Alhaji su riƙa shigowa ba sai sun ratsa cikin gida ba."

"A'a."

Cikin kalmomin da ciwo ya bar mashi, wannan ce ta fi fita tsaf.

"To gyaran fa, ban da ƙofa?"

Ya ɗaga kafaɗar hagu ya sauke. Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Yayana, wanda nake bi, magini ne a Kurfi. Na kira shi a waya, washegari sai ga shi a kan babur da igiyar awo a aljihu. Ni ce ƙarama a ɗakinmu, har yau Auta yake ce mani ko da yake ina da jikoki. Ya zagaya filin hannu a baya, yana tsallake layukan tokata kamar mai tsallake kunya a gonar wani.

"Auta, wannan ai abu ne mai sauƙi. A sare bedin nan, a zuba kankare, a shimfiɗa tayil mai kyau, a ɗora kwano. Kafin sati an gama."

"Yaya, bedi na nan. Tayil kuma ba zai shigo ba. Mutumin da ke jan ƙafa, in ruwa ya ɗiga a kan tayil ai mun koma asibiti."

"To me za a sa? Daɓe irin na Inna?"

Na ce mashi dutse nake so, irin fale-falen da masu fasa dutse ke fitarwa a bayan gari, a kwantar da su gefen da ke da kaushi yana sama, a cike tsakaninsu da siminti har ya daidaita, kada a bar ko ɗan tudun da yatsa zai ci karo da shi. Ya ce aikin zai yi cin rai. Na ce na sani. Ya nuna wani da'ira da na zana kewaye da bedi ya tambayi ko mene ne.

Wannan da'irar ita ce abin da na fi daɗewa ina tunani a kai. Malam na buƙatar abin dafawa in yana tafiya, kuma hannun hagu kawai gare shi. In aka kafa madafa a miƙe jikin bango, zai tafi da ita a hagunshi, amma in ya juyo ta koma damanshi, hannun da ba ya riƙo. Shi ya sa na ce a kewaye itacen da ita. In ya riƙa zagayawa, kullum madafar na hagunshi, kullum kuma yana cikin inuwa, ba sai ya juya ba.

Yaya ya dubi zanen da ke ƙasa. Ya shiga cikin layin ya gwada zagayawa, hannun hagu a miƙe. Sai ya yi dariya.

"Wato ɗawafi za ki sa Malam."

"Allah ya kai mu ga na gaskiyar," na ce.

"Amin. Amma kin manta da abu guda. Ina ruwan sama zai bi?"

Gaskiya ban yi tunanin damina ba, don a bazara muke, hankalina duk yana kan rana. Shi ya nuna mani cewa filin ya ɗan karkata wajen ɗakuna, in aka shimfiɗa dutse haka nan ruwa zai kwanta a gindin bangon Malam. Ya ce zai ɗaga gefen ɗakuna kaɗan, gangaren da ƙafa ba za ta ji ba amma ruwa zai ji, ya fitar da rariya ta ƙasan katanga. A kan rufi ma mun ja. Ni zana nake so don sanyi, shi ya ce damina guda za ta ruɓar da ita. Muka tsaya a kan kwano a sama, zana a ƙarƙashi, da asabari a gefen yamma wanda za a sauke in rana ta karkata.

Awaki suka koma Kurfi wurin matar Yaya, ban da waɗanda suka tafi kasuwa suka dawo a matsayin siminti. Aka fara aiki.

Dakalin zama ni na ba da tsayinshi. Na lura Malam na iya tashi daga bakin gado da ɗan taimako, amma daga kujerar falo sai mutum biyu sun ɗaga shi. Na yanko kara daidai tsayin gadon na ba Yaya, na ce kada dakalin ya gaza haka. Ya ce zai yi tsawo, gajeru ƙafarsu za ta yi lilo. Na ce gajeru su zauna a tabarma. Madafar kuwa bututun ƙarfe mai walda ya lanƙwasa, amma da na taɓa shi da rana na ji ya ɗauki zafi duk da inuwa, sai na naɗe shi da igiyar kaba tun daga farko har ƙarshe. Wannan da hannuna na yi, har tafina ya yi kanta.

Duk wannan abin Malam na ɗaki. Amma na lura labulen tagarshi da kullum ke sake ya fara zama a ɗage. Mutumin da ya yi shekaru yana duba aikin malamai ba zai iya jin ana aiki a bayan tagarshi ya ƙi leƙawa ba. Ranar da Yaya ya ja igiya zai fara jera duwatsun ƙarƙashin rumfa, sai muka ji ana buga ƙarfen taga da sanda. Na matsa kusa.

"Malam, lafiya?"

Ya nuna igiyar da sanda. Bakinshi ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito.

"Gabas."

Ban gane ba, Yaya ne ya gane. Ya ja igiyar ne daidai da katanga, katangar kuwa ba ta daidaita da alƙibla ba. Malam so yake layin duwatsun ya bi gabas, yadda in an tashi salla a wurin sahu zai miƙe da kanshi. Yaya ya cire fegi ya matsar, yana duban taga, Malam na nuni da sanda, har ya gyaɗa kai. Na koma madafi ina ta hura wutar da ba ta mutu ba. Mai tunanin sahu ai ba shi kaɗai yake ganin kanshi a wurin ba.

Da siminti ya bushe muka fito da shi, ni da babban ɗanmu. Ya kama igiyar kabar da hannun hagu ya tsaya yana haki. Ranar farko ko rabin zagaye bai yi ba. Amma ya zauna a kan dakali, ya kuma tashi da kanshi, yana dafe da ginshiƙin rumfa. Tun da ciwon ya same shi wannan ne karon farko da ya miƙe ba hannun kowa a hammatarshi. Daga ranar kullum da safe sai ya zagaya bedi, da la'asar kuma in sauke asabari ya zauna shi kaɗai. In muryoyin lungu suka taso sai ya sunkuyar da kai har su wuce.

Ana haka, wata la'asar ina gefe ina tsince shinkafa, su Alhaji suka zo wucewa. Da alama wani ya tsaya gyara takalmi ne, don sun daɗe daidai katangarmu. Alhaji na ba su labarin yadda lokacin yana saurayi ya taɓa ƙetare dam da iyo, daga wannan gaɓa zuwa waccan, har masunta na tafa mashi. Na ga Malam ya ɗaga kai. Tare suka tashi, ya san Alhaji ko a gulbi ruwa bai taɓa wuce mashi gwiwa ba. Na ga wuyanshi ya kumbura, hannun hagu ya damƙe sanda.

"Ƙarya ne."

Da ƙarfi ta fito, irin muryar da yake tsayar da yara da ita a filin makaranta. Can sai muryar Alhaji, a hankali.

"Malam, kai ne?"

"Ƙarya kake."

Dariya ta ɓarke a bayan katanga. Alhaji na cewa ai dama ya san ko a kabari Malam yake sai ya ƙaryata shi, wani na cewa a bar hedimasta ya ba da shaida. Suka daɗe suna magana da bulo, shi kuma yana jefa masu kalma ɗaya-ɗaya. Da suka wuce ya zauna yana kallon katangar. Na ci gaba da tsintar shinkafata.

"Kira Yayanki," ya ce.

Ƙanen Malam bai so ba da ya ji za a buɗe ƙofa ta lungu. Ya ce a wannan zamani da kowa ke ƙara wa katangarshi tsawo, mu ne za mu huda tamu. Maganarshi na kan hanya, ban musa ba. Na ce ƙofar ƙarfe za a sa, mai sakata ta ciki sama da ƙasa, ba a buɗe ta sai la'asar, ana idar da magariba a rufe. Ya je ya shaida wa mai unguwa da maƙwabtan lungu, ba wanda ya hana. Na kuma sa Yaya ya ja ɗan gajeren bango daga kusurwar ɗaki, aka ɗora zana a kai, ya raba wurin da tsakar gida. Wanda ke zaune a rumfa ba ya ganin mata, mu ma muna harkarmu ba takura. A jikin bangon na sa ya bar wata 'yar kafa daidai faɗin tire, ta nan nake tura shayi. Kusa da rariya aka yi wurin alwala da ɗan mazauni, na kafa randa a gindin bedi da moɗa a kai.

Ranar da aka fara buɗe ƙofar na sa wa Malam farar riga da hular da yake zuwa Juma'a da ita. Na tsaya a bayan zana. Alhaji ne ya fara sallama ya shigo, sauran na biye. Ya cire takalmi, ya taka dutsen, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya shafa igiyar da ke jikin madafa. Na ji tsoron kada su tsuguna su fara sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Sai Alhaji ya haye dakali, ƙafafunshi na lilo don shi gajere ne, ya gyara babbar riga ya ce, "To, ina shaidarka cewa ban ƙetare ba?"

Har aka kira magariba suna abu guda. Malam bai fi kalma kaɗan ya faɗa ba, amma duk wadda ya fara sai su yi shiru su jira ta. A nan suka yi salla, a kan layin duwatsun, shi a zaune a ƙarshen sahu. Da suka fita na zo sa sakata, na tarar da bawon gyaɗa a ko'ina. Ban taɓa share datti da daɗin rai irin na ranar ba.

Damina ta zo, ruwa ya bi gangaren Yaya ya fice ta rariya, ko ɗigo bai kwanta ba. Da yake babu awakin da za su cinye, na shuka zogale a gefen katanga, da lalle, da na'ana'a a cikin fasassun robobin nan. Da safe wurin namu ne. Maƙwabta kan shigo ta cikin gida mu zauna a rumfa muna gyaran wake ko kitso, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos da ke haya a lungunmu ta kawo mani irin wata fulawa ja na dasa a bakin ƙofa. Duk wadda ta zo sai ta tambayi wanda ya tsara wurin. Da farko nakan ce Yayana ne ya gina. Daga baya na ga ba dalilin ɓoyewa, nakan ce shi ya gina, ni na tsara.

Hannun Malam na dama bai dawo ba, kuma mun bar sa rai. Amma yana tafiya da sanda, har masallaci yake zuwa ta lungu. Maganarshi ta dawo, a hankali take fita, sai dai ba ta ƙarewa. Majalisa kuwa ba ta koma ƙofar shago ba. Alhaji ya bar wa yaranshi ɗinki da la'asar, har wasu da ba 'yan majalisar ba ne a da sun samu wurin zama, akwai mai zuwa tun daga Dabawa in ya shigo gari.

Kwanan baya wurin ya fara yi masu kaɗan. Ina bayan zana ina haɗa shayi na ji suna shawara a ƙara tsawon rumfa zuwa katanga, a cire shuke-shuken da ke gefen. Kowa ya kawo tashi dabarar, har an fara maganar wanda zai kawo kwano. Alhaji ya ce, "Malam, kai muke jira, gidanka ne."

Malam ya ɗauki lokaci, kamar yadda yake yi yanzu.

"Gidana ne," ya ce. "Amma wurin da mai shi. Ku tambaye ta."

Alhaji ya yi gyaran murya ya juyo wajen zana.

"Hajiya, kina jinmu?"

"Ina ji, Alhaji."

"To me kika gani?"

Na ce zogale da lalle ba inda za su. In wuri suke so, akwai kusurwar da itacen girki yake, zan sa a kwashe, amma sai na zauna na ga yadda rana ke faɗawa a can tukuna. Ya tambaya ko zuwa yaushe. Na ce in na gama dubawa zan aiko masu. Na tura tiren shayi ta kafa, wani ya karɓa daga can.